Kwaikwayon Annoba a Cikin Na'ura da Abin da Na'urar Ba Ta Sani Ba Game da Goron Dutse

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa hawa kan Goron Dutse da hantsi, ya fuskanci Dala, zai ga birnin Kano shimfiɗe a ƙarƙashinsa, soro na dafe da soro, lungu na shiga cikin lungu, har ido ya gaji bai kai ƙarshen gidaje ba. Daga can sama babu abin da ke nuna a wane gida ake suna, a wane gida kuma ake zaman makoki. A cikin watan Afrilu na 2020 kuwa, gidajen makoki sun yi yawan da ba a saba gani ba, kuma masu haƙar kabari ne suka riga likitoci da ma'aikatan ƙididdiga lura da hakan. Jaridar Daily Trust ta ruwaito ma'aikatan wasu maƙabartun birnin, har da ta Dandolo da ke Goron Dutse, suna cewa gawarwakin da ake kawo musu sun ninka abin da suka saba binnewa, galibinsu kuwa na tsofaffi ne.

A ranar 11 ga wannan wata aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu da cutar korona a Jihar Kano. Da farko gwamnatin jihar ta danganta mace-macen da hawan jini da ciwon suga da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. A ranar 27 ga watan, ana cikin azumi, Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umarnin a rufe Kano har mako biyu. Sai a watan Yuni Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana sakamakon binciken da aka yi ta hanyar bin gidaje ana tambayar iyalan mamata. Mutum 979 ne suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye, fiye da rabinsu a gida suka cika, kuma tsakanin kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ana jin korona ce sanadin mutuwarsu, ko kuwa ita ta ingiza ciwon da suke fama da shi. Watau dai an share makoki da makonni kafin a sami adadin da za a iya kamawa.

A can birnin Landan kuwa, tun ranar 16 ga Maris na shekarar, wasu masana na Kwalejin Imperial ƙarƙashin Farfesa Neil Ferguson sun riga sun fitar da rahoto cewa in ba a ɗauki wani mataki ba, cutar tana iya kashe mutum kimanin 510,000 a Birtaniya da miliyan 2.2 a Amurka. Mako guda bayan haka aka rufe Birtaniya. Waɗannan alƙaluma sun fito ne daga wata manhaja mai suna CovidSim, wadda ta ƙaga mutanen ƙasar a cikin kwamfuta, ta raba su gida-gida da makaranta-makaranta, sa'an nan ta sakar musu cutar aka zuba ido a ga abin da zai faru.

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a nuna cewa irin wannan na'ura abar nema ce ga Kano, amma fa ba za ta faɗi gaskiya game da Goron Dutse ba sai an gaya mata yadda ake zama a Goron Dutse, kuma cewa wannan aiki na gaya mata, babban kaso nasa ya faɗo ne a kan masu nazarin harshe da al'adun Hausawa, ko da yake ba su san da haka ba.

Yadda Na'urar Ke Aiki

Irin waɗannan manhajoji ba su da hotuna ko wuraren taɓawa da yatsa kamar na wayar hannu. Baƙin allo ne kawai, da wani ɗan layi yana ƙyaftawa yana jiran a rubuta masa umarni, shi ya sa ake kiran wannan hanya layin umarni. Mai aiki zai rubuta sunan manhajar, ya bi shi da sunan takardar da ya zuba bayanansa a ciki, ya danna maɓalli, shi ke nan. Bayan 'yan daƙiƙoƙi, ko 'yan sa'o'i in aikin babba ne, sai na'urar ta zubo jerin alƙaluma: rana ta farko mutum kaza ne suka kamu, rana ta talatin mutum kaza, rana ta casa'in an fara sauka.

Asalin dabarar ya girmi kwamfuta. Ronald Ross, likitan da ya gano cewa sauro ne ke yaɗa zazzaɓi, ya tsara lissafin yaɗuwar cutar tun a 1911. A 1927 kuma wasu masana biyu a ƙasar Sikotilan, Kermack da McKendrick, suka kasa jama'a gida uku: waɗanda cuta ba ta taɓa ba tukuna kuma tana iya kama su, da waɗanda ke ɗauke da ita suna shafa wa wasu, da kuma waɗanda suka fita daga hannunta, ko ta hanyar warkewa ko ta hanyar mutuwa. Kowace uwa a Goron Dutse ta san wannan rukuni na uku, domin kuwa ta san yaron da ya yi ƙyanda ba ya sake yi. Aikin na'urar shi ne ta riƙa ɗibar mutane daga rukunin farko tana zubawa a na biyu, daga na biyu zuwa na uku, rana bayan rana, bisa ƙa'idar da aka ba ta.

Jigon ƙa'idar kuwa adadi ɗaya ne, wanda za a iya kira adadin harbi, watau mutum nawa ne mai cuta ɗaya zai harba kafin ya warke, in ya faɗo cikin jama'ar da ba ta da garkuwa. In adadin bai kai ɗaya ba, cutar za ta mutu da kanta. In ya haura ɗaya, to, an shiga annoba. Alal misali, a ƙaddara unguwa mai mutum 10,000 da kowa ke cuɗanya da kowa daidai wa daida. In adadin harbi ɗaya da rabi ne, lissafi ya nuna kimanin mutum 5,800 ne za su kamu kafin wutar ta mutu. In biyu ne, kimanin 8,000. In uku ne, kimanin 9,400. Mai karatu zai lura da yadda ɗan ƙarin da bai taka kara ya karya ba a cikin abin da aka shigar yake haifar da bambancin dubban mutane a abin da ya fito. Daga wannan adadi ne kuma ake fitar da yawan waɗanda ya wajaba a yi wa rigakafi kafin cuta ta rasa hanyar wucewa. In uku ne, kashi biyu cikin uku sun isa. Amma ƙyanda, wadda adadinta kan kai tsakanin 12 zuwa 18, sai an yi wa fiye da yara tara cikin kowane goma.

Har wa yau akwai batun sa'a. Manhajojin zamani ba sa ɗaukar jama'a a dunƙule kamar hatsi a mudu. Kowane mutum suna ba shi shekarunsa da gidansa da wurin yininsa, kuma duk lokacin da mai cuta ya haɗu da mai lafiya sai na'urar ta jefa ƙuri'a ta ga ko an harbu. Saboda haka in aka maimaita umarni guda sau dubu, za a sami labari dubu. A mafi sauƙin lissafin, in adadin harbi biyu ne kuma baƙo ɗaya ne ya shigo da cutar, to, a kusan rabin labaran cutar za ta mutu tun ba ta bar gida biyu ko uku ba, a sauran rabin kuma ta cinye unguwa. A nan ne layin umarni ya nuna fa'idarsa, domin da layi ɗaya na rubutu za a iya sa na'urar ta yi maimaicin nan dubu cikin dare, a wayi gari a karanta.

Ga ɗalibin adabi, abu mafi kama da wannan shi ne wasan kwaikwayo. Akwai 'yan wasa, akwai dandali, akwai kuma marubucin da ya tsara wa zai haɗu da wa. To, kowa ya san yadda wasa yake fitowa idan marubucinsa bai san gari ba: sai ka ga suruki ya shiga ɗakin surukarsa ba sallama, 'yan kallo su fashe da dariya. Bambancin kawai shi ne a nan babu mai dariya, domin da sakamakon wannan wasa ake yanke shawarar rufe kasuwa ko buɗe ta.

Abin Ba Baƙo Ba Ne a Ƙasar Hausa

Wani zai zaci wannan al'amari na Turai ne kawai. Haƙiƙa ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da suka fi shahara a duniya a wannan fanni a ƙasar Kano aka yi shi. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da bincike kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, tun 1991 kuma take cikin Jigawa. An yi feshin magani a ɗakuna, an raba ƙwayoyi, an riƙa auna jinin mutane, kuma a 1974 Klaus Dietz da Louis Molineaux da abokin aikinsu Thomas suka buga tsarin lissafin da suka gwada da alƙaluman Garki. Feshin ya rage ƙarfin sauro ƙwarai, amma yawan masu ƙwayar cutar a jini bai faɗi yadda aka so ba, kuma yaɗuwar ba ta yanke ba. Ɗaya daga cikin dalilan da aka gano shi ne wani kaso na sauron ba ya sauka a bangon ɗaki bayan ya yi cizo, waje yake fita ya huta, don haka feshin ba ya samun sa. Watau ko sauro ma ba duka ke da hali ɗaya ba, balle ɗan'adam.

A 2016 kuma an buga wani nazari da ya kwaikwayi yaɗuwar shan inna a Jihar Kano da manhajar EMOD ta wata cibiyar lissafin cututtuka da ke Amurka, kuma cikin marubutansa har da Dokta Faisal Shuaib, wanda daga baya ya shugabanci hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa. Tambayar da suka yi mai ma'ana ce. An ga yaro na ƙarshe da ƙwayar cutar ta asali, watau ta daji, ta shanye a jihar a watan Yulin 2014 a Sumaila. To, da yake yawancin waɗanda ƙwayar ke shiga jikinsu ba sa nuna alama, shirun da aka ji bayan nan na ƙarewa ne ko na ɓuya? Ido ba zai iya amsa wannan ba, sai lissafi. Ita ma EMOD ta layin umarni ake tuƙa ta, kuma takardu uku take nema: ta halin cutar, ta bayanin jama'a, da ta matakan da za a ɗauka. Takarda ta biyun nan ita ce abin magana.

Misalin da ya fi kowane dacewa da wannan Sashe daga Nijar ya fito. An daɗe da sanin cewa ƙyanda a Yamai tana tashi da rani ta kwanta da damina. A 2011 Nita Bharti da abokan aikinta suka buga nazari a mujallar Science, inda suka auna hasken dare na biranen Yamai da Maraɗi da Damagaram daga hotunan tauraron ɗan'adam, suka ga hasken yana ƙaruwa da rani yana raguwa da damina, kuma yaɗuwar ƙyanda tana bin sawunsa. Bayanin da suka bayar shi ne mutanen karkara suna kwararowa birni bayan girbi, su koma gona in ruwa ya sauka. Aiki ne mai kyau, babu shakka. Amma abin da aka hau sama aka hango da tauraro, Bahaushe yana da sunansa tun kaka da kakanni: cin rani. Haka kuma tun kafin a zo da lissafi ya raɗa wa agana suna 'yar rani.

Abin da Ke Cikin Takarda ta Biyu

Na'urar tana bukatar ta san wa ke haɗuwa da wa, sau nawa a rana, a ina. Sanannen binciken da aka fi dogara da shi kan wannan an buga shi ne a 2008, kuma a ƙasashe takwas na Turai aka yi shi, inda mutum fiye da 7,000 suka rubuta duk wanda suka yi cuɗanya da shi cikin yini guda. A 2017 wasu masana suka ɗauki wannan awo suka gyaggyara shi da bayanan gidaje da makarantu da ayyuka, suka fitar da ƙiyasi na ƙasashe 152. Sun kasa wuraren haɗuwa gida huɗu: gida, makaranta, wurin aiki, da sauran wurare. Ba laifinsu ba ne, da abin da ke hannu suka yi aiki. Amma a dubi Goron Dutse da wannan ma'auni a gani.

A fara da gida. Abin da takardar ke kira gida shi ne miji da mata da 'ya'ya biyu ko uku. Gidan cikin birni kuwa sau da yawa sassa ne a bayan zaure ɗaya, da kaka da 'ya'ya da matan 'ya'ya da jikoki, da ɗan riƙo, da baƙon da ya zo daga ƙauye neman magani. Jika a ɗakin kakarsa yake kwana. Matar da ke cikin kulle, wadda takardar za ta rubuta a matsayin marar fita, tana da alaƙa da gidaje goma a yini ta hannun yarinyar da ke mata talla da yaron da take aike, kamar yadda Enid Schildkrout ta nuna a bincikenta kan ayyukan yara a birnin Kano cikin shekarun 1970. A zo ga makaranta: yaro ɗaya yana iya zuwa boko da safe, Islamiyya da yamma, makarantar allo da dare, kuma a kowace da abokan zama daban. Almajiri kuwa makarantarsa ita ce gidansa, kuma ƙofar kowane gida a unguwar wurin yininsa ce.

Sai rukunin nan da aka kira sauran wurare, wanda a Turai ragowa ne, a Goron Dutse kuwa nan ne rayuwa take. A ciki ne za a cusa sahun salla sau biyar a rana, da taron Juma'a, da majalisar ƙofar gida bayan la'asar, da teburin mai shayi, da ɗaurin aure, da suna, da dubiya, da jana'iza, da zaman makoki, da cinkoson adaidaita-sahu. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da nasa tsarin: wane jinsi ke zuwa, masu wane shekaru, ana musafaha ko ba a yi, a fili ake zama ko a ɗaki. Wannan fa shi ne abin da ɗaliban al'ada ke rubuta kundin digiri a kansa kowace shekara, ba tare da sun ƙirga kawuna ba.

Akwai wani abu guda da ya cancanci a tsaya a kansa. Binciken Turai ya nuna tsofaffi su ne suka fi kowa ƙarancin cuɗanya, domin sun bar aiki, da yawansu kuma su kaɗai suke zaune. Dattijon birnin Kano kuwa shi ne ke sahun gaba a masallaci, shi ake kira waliyyi a ɗaurin aure, shi ke zuwa kowace jana'iza, kuma duk wanda ya wuce sai ya durƙusa ya miƙa masa hannu biyu. Girman da ake ba shi ne ke tara masa jama'a. Idan aka ɗora masa awon tsohon Turai, na'urar za ta ɗauka yana cikin waɗanda cuta za ta fi wahalar kaiwa gare su, alhali yana tsakiyar hanyarta. Cutar da ta fi kashe tsofaffi, kamar korona, a irin wannan wuri ne lissafin aro zai fi yin kuskure, kuma masu haƙar kabarin Dandolo tsofaffi suka ce ana kawo musu.

Ban da wannan, unguwar tana da gidan yari, inda mutane da yawa ke kwana ɗaki ɗaya, masu jiran shari'a na shiga suna fita, ma'aikata kuma na komawa gidajensu kullum. In kuma maganar amai da gudawa ake, to, sai a bi sawun 'yan garuwa a ga daga ina suka ɗebo, gidaje nawa kura ɗaya ke shayarwa. Daɗin daɗawa, ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi a Nijeriya ta 2006 ce, saboda haka ko adadin mutanen da za a fara shigarwa ƙiyasi ne a kan ƙiyasi.

Masu Ja da Wannan Ra'ayi

Akwai masu cewa wannan duk ɓata lokaci ne, asibiti ba gado, ba magani, ana maganar kwamfuta. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, sai dai mai abu kaɗan shi ya fi bukatar ya san inda zai sa shi. Idan allurar mashaƙo ba za ta ishi kowa ba, kamar a annobar da ta taso a Kano tun ƙarshen 2022, dole ne wani ya zaɓi unguwar da za a fara da shekarun yaran da za a fara da su, kuma gara ya gwada zaɓinsa a kan mutanen cikin na'ura kafin ya gwada a kan 'ya'yan mutane. A watannin Afrilu da Mayu na 2020 gwamnonin Arewa sun kwashi almajirai a motoci suna mayar da su jihohinsu na asali, daga baya gwamnatin Kaduna ta sanar da cewa an sami cutar a jikin wasu daga cikin yaran da aka kawo mata daga Kano. Ko manhaja mafi sauƙi, in an gaya mata za a ɗebi mutane daga inda wuta take a watsa su garuruwa, za ta nuna abin da zai biyo baya. Batun tsada kuma, da yawa daga cikin manhajojin nan kyauta ake ba da su, har da CovidSim da EMOD, kuma kwaikwayon unguwa ɗaya ba ya bukatar fiye da tsohuwar kwamfutar cinya. Da zarar an sauke manhajar, ko intanet ba ta nema.

Akwai kuma masu cewa ai wannan duba ne da aka sa wa rigar boko, mai bugun ƙasa yana zana ɗigo a yashi, wannan kuma yana zana nasa a allo. Wannan zargi, laifin fassara ne ya jawo rabinsa. A watan Satumba na 2014 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da lissafi cewa masu kamuwa da Ebola a Laberiya da Saliyo suna iya kai wa miliyan 1.4 kafin ƙarshen Janairun 2015, idan ba a ƙara ɗaukar mataki ba kuma mutane ba su sauya halinsu ba. Aka ɗauki mataki, aka sauya yadda ake jinya da yadda ake binne mamata, annobar ta ƙare da masu kamuwa kimanin 28,600 a ƙasashen da ta fi shafa. Sai wasu suka ce masana sun yi ƙarya. Abin da ya faru shi ne kalmar idan ta faɗi a hanya. Duk abin da na'urar ke faɗa jumla ce ta sharaɗi, kuma ɗalibin nahawu ya fi kowa sanin cewa in aka yanke sharaɗi aka bar jawabinsa, an sauya magana. Mai fassara labarai da ya ce masana sun ce mutum kaza za su mutu, ya mayar da gwaji ya zama duba, kuma mai sauraro yana da hujja in ya ce gaibu sai Allah.

Nan ma aiki ne na wannan Sashe. Hausa tana da hasashe, tana da kintace, tana da kirdado, tana da ƙiyasi, kuma ba ɗaya suke ba. Kintace da kirdado sun fi karkata ga abin da aka faɗa ba tare da awo ba. Hasashe ya riga ya zauna a bakin masu labarin yanayi, kuma yana ɗauke da ma'anar abin da ake jin zai faru. Kwaikwayo shi ya fi kusa, domin kowa ya san mai kwaikwayo ba shi ne ainihin abin ba. Ya kamata a zauna a daidaita waɗannan kalmomi tun ana zaman lafiya, kada a bar su ga ɗan jaridar da zai fassara rahoto cikin minti goma kafin labaran ƙarfe bakwai.

Ja na uku shi ne mafi nauyi, watau na rashin yarda. A 1996 sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000. A cikin wannan annoba ne kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kimanin 200 a Asibitin Zana na Kano, 11 daga cikinsu suka rasu. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta kashe su, aka yi ta shari'a, har a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Daga 2003 zuwa Yulin 2004 kuma Jihar Kano ta dakatar da rigakafin shan inna saboda zargin da ya yaɗu game da allurar, ƙwayar cutar ta bazu zuwa ƙasashe kimanin 20. Mutanen da suka ga wannan ba za su karɓi alƙaluman da aka dafa a wani wuri aka kawo musu a rufe ba, kuma ba a ga laifinsu ba. To, a nan ne wannan baƙin allo marar ado ya fi manhajoji masu ƙyalƙyali. Duk zaton da aka yi a rubuce yake a cikin takarda, layi bayan layi. Ana iya fassara ta da Hausa, a karanta wa mai unguwa da limami da ungozoma, a ce musu an rubuta cewa dattijo yana haɗuwa da mutum biyar a rana, shin haka ne? Su yi dariya su gyara, a sake buga umarnin a gabansu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ita ma CovidSim sai da aka fitar da rubutunta a fili a cikin 2020, masu suka suka duba suka yi ta muhawara, kuma hakan ya dace da duk abin da za a rufe gari saboda shi.

Abin da Za a Iya Farawa da Shi

Ba a ce ɗalibin Hausa ya bar Wasa Ƙwaƙwalwa da nazarin waƙa ya koma likita ba. Lissafin na masu lissafi ne, cutar ta likitoci ce. Abin da ake nema daga gare shi shi ne ya ƙara ƙirga a kan bayanin da ya saba yi. Wanda zai rubuta kundi kan zaman makoki a birnin Kano, ya ƙara babi ɗaya: kwana nawa ake yi, mutum nawa ke zuwa a yini, nawa ne suka haura sittin, daga waɗanne unguwanni. Wadda za ta rubuta kan talla, ta ƙirga gidajen da yarinya ɗaya ke shiga. Ɗaliba ce ma za ta iya wannan, domin ita ke wuce zaure, kuma ita ta san yadda ake tambayar matar aure ba tare da an ci fuska ba. Tsohuwar harabar Jami'ar Bayero ba ta da nisa da Goron Dutse, kuma kundi goma irin waɗannan, in aka haɗa su da aikin sashen lafiyar al'umma da na kimiyyar kwamfuta, za su samar da takarda ta biyu wadda ba ta aro ba. Sharaɗi ɗaya ne: a ɗauki adadi a bar suna, domin sirrin gida ba abin zubawa a na'ura ba ne.

Na biyu shi ne maƙabarta. Na'ura ba ta iya gyara kanta sai tana da abin da za ta gwada lissafinta da shi, kuma a garin da fiye da rabin mamatan Afrilun 2020 a gida suka cika, rajistar asibiti ba za ta wadatar ba. Ƙofar maƙabarta kuwa kowa ta nan yake bi. Inda ake da littafin rajista a tattara shi mako-mako, inda babu a buɗe, da gurbi huɗu kacal: rana, jinsi, kimanin shekaru, unguwa. Mai rubutawa ya rubuta da boko ko da ajami, wanda ya fi masa sauƙi, ɗalibi ya juya. Sai an san yawan waɗanda ake binnewa a Dandolo a makon da babu annoba kafin a iya cewa na wannan mako ya wuce ƙa'ida, kuma wannan adadi a cikin shekarun da ake lafiya kaɗai ake iya tara shi.